Yadda Na Je Doguwa Gwajin Kuɗin Sinawa

Tun ranar da na dawo daga Doguwa ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo gyaran munduwa sai ya zauna, wanda bai kawo komai ba shi ma sai ya nemi wuri, kowa sai ya ce, "Sale, wai me ka gano a bayan dajin Falgore?" In na fara ba wannan, sai wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Azurfa kuwa in tana wuta ba ta jiran mai surutu, sau biyu ina ɓata aikin mutane. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga tushe, wanda ya ji ya ba wanda bai ji ba.

Ni maƙerin fari ne. A Bebeji aka haife ni, amma a birnin Kano na koyi sana'a, kuma ina can lokacin da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Sukan zo rumfar maigidana da kuɗaɗen ƙasashen can a ƙulle cikin tsumma. Akwai manya na azurfa masu zanen wani maciji mai ƙafafu da gemu, na ƙasar Sin, mukan ce musu masu maciji. Akwai masu ɗawisu. Akwai kuma ƙanana na tagulla masu huda a tsakiya kamar anini, sai dai hudar tasu mai kusurwa huɗu ce. Waɗannan ƙananan ba su da wata daraja a wuta, amma akwai wani Bature da yakan zo ya tsince waɗanda suka fi tsufa ya saya, wai don ya ajiye ya riƙa kallo. Har yau ban gane wannan ba. A hannun maigidana na koyi raba na gaske da na jabu, don cikin masu macijin nan da yawa dalma ce aka yi wa riga da azurfa.

Shekara bakwai bayan dawowar sojoji, ƙarshen damina, dawa ta yi kai ba a kai ga yanka ba, wani dogon mutum ya yi sallama a maƙerata. Ya ce sunansa Audu, ana ce masa Saje, daga Doguwa. Bai karɓi ruwa ba sai da ya gama faɗin abin da ya kawo shi.

Ya ce tare suka shiga soja da wani abokinsa Hamza, garinsu ɗaya. Hamza bai dawo ba. Ba harsashi ne ya kashe shi ba, zazzaɓi ne. Kafin ya cika ya damƙa wa Saje wata jakar kuɗi masu maciji ya ce ya kai wa mahaifiyarsa, Inna Kande. Ya kai. Bayan shekara guda wani ɗan koli ya duba ya ce duk dalma ce. Maƙerin baƙi na garin ya sare ɗaya da kurfi, aka ga dalma. Tun daga ranar gari ya yanke hukunci cewa Saje ya kwashe azurfar mamaci ya zuba jabu.

Ya ce, "Ba a cin abinci da ni, Maƙeri. Yanzu tsohuwar ta kwanta ciwo, ta kuma rantse ba za ta yafe mini ba har gaban Allah. Dagaci ya ce in na samo wanda ya san kuɗin nan, zai tara mutane."

Na ce, "Saje, in dalma ce zan ce dalma ce. Ba na rantsuwa a kan ƙarya don na sha ruwan mutum."

Ya ce, "Abin da ya sa na wuce maƙera uku na zo wurinka ke nan."

"To ka musanya su?"

Ya dube ni tsakar ido ya ce, "Ban cire ko ɗaya ba."

Washegari da asuba na ɗaure ma'auni da magagari da dutsen gwaji da liyari guda, wato kuɗin azurfa tsantsa, na awo, muka kama hanyar Ƙafin Maiyaki a ƙasa. Ina gaya muku, kada wanda ya yarda ya yi tafiyar ƙafa da tsohon soja. Ba ya tsayawa gaisuwa mai tsawo, ba ya neman inuwa. Kafin mu kai, takalmina ya cinye mini diddige, shi kuwa ko gumi bai yi ba.

A Ƙafin Maiyaki muka samu motar da za ta Tudun Wada. Ban taɓa ganin an cusa bayin Allah haka ba: buhunan gishiri a ƙasa, mu a kan gishiri, awaki a kanmu. Wata akuya ta cinye mini rabin ƙuli-ƙulin da na yi guzuri, mai ita kuwa cewa ya yi ai ita ma an biya mata kuɗin mota. Ba mu yi nisa ba muka tarar da itace an gicciye a hanya. Ashe in an yi ruwa rufe hanyar ake yi har ƙasa ta sha iska, don kada motoci su kwaɓe ta. Muka sauka muka zauna tun hantsi har bayan azahar.

A zaman nan ne fasinjoji suka sa Saje gaba da tambaya. Ya ce a can ana yin wata huɗu ruwa bai ɗauke ba. Ya ce giwa ake sa wa aiki tana jan gungume kamar yadda muke sa jaki. Ya ce ya ga Sinawa suna cin shinkafa da tsinke biyu, ba hannu ba cokali, kuma ko ƙwara ɗaya ba ta faɗuwa. Wani dattijo mai sayar da daddawa ya ce, "Giwar na yarda, ruwan na yarda. Amma shinkafa da tsinke, ɗana, ka ji tsoron Allah." Aka yi dariya. Saje bai yi ba. Na lura kalmar nan ta "ji tsoron Allah" ta taɓa shi a wani wuri.

A Tudun Wada muka sauka gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, mutum mai ƙiba da son a san yana da shi. An ba mu shinkafa da man shanu, aka biyo da rake da mazarƙwaila. Su can rake kamar ruwan sha ne, baƙo ba ya tashi sai haɓarsa ta gaji. Da safe na buɗe kayana ina shanyawa saboda laimar hanya. Fatoma ya leƙo ya ga ma'auni da magagari da liyari, ya juya ya fita. Kafin in ɗaure kayan sai ga shi da mai unguwa da mutum biyar riƙe da sanduna. Wai ya kama mai buga kuɗin jabu a gidansa!

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni kama jabu nake yi, ba buga shi ba."

Mai unguwa ya ce to in nuna. Fatoma ya zare wani ƙaton zobe daga yatsansa yana hura hanci, ya ce azurfar Masar ce, in gwada in mai gaskiya ne ni. Na goga shi a dutse, na ɗan taɓa cikinsa da magagari. Ja ya fito. Na ce, "Maigida, ka yi haƙuri, tagulla ce aka wanke da azurfa." Mutanen da suka zo kama ni suka koma yi masa dariya. Bai karɓi kuɗin kwana ba, amma ko sallama bai amsa mana ba.

Daga nan babu mota. Muka bi wasu fatake masu jakuna, don ba a shiga dajin Falgore mutum ɗaya. Mu mutanen Bebeji abin da muke kira daji ashe gona ce da ba a nome ba. Can ciyawa ta fi mutum tsawo, kana jin muryar na gabanka ba ka ganinsa. Madugun ya gargaɗe ni tun a baki cewa ba a ambaton sunan manyan namun daji a ciki, sai dai a ce "masu wurin". Na yi zaton tsoratarwa ce, sai da muka tarar da gwaggon birai sun fi talatin zaune a tsakiyar hanya, babbansu yana kallonmu kamar shi ne sarkin kasuwa. Muka tsaya sai da suka ga dama suka tashi. Ƙudan tsando kuwa ya cije ni ta cikin riga har na yi ihu, fatake suka ce ai gaisuwa ce.

Da la'asar sakaliya muka fita ɗaya gefen, muka faɗa rugar wani Ardo Jaɓɓo. Ya sa aka shimfiɗa mana agalemi, aka kawo fura da kindirmo mai kauri, ludayi yana tsayawa a ciki. Abin da ya ba ni mamaki, da aka ajiye ƙwaryar sai duk suka juya baya suka ba mu wuri. A wurinsu kallon baƙo yana ci rashin kunya ne. Mu kuwa a gida sai mun zauna a kansa muna "ƙara, ƙara".

Matar Ardo ce ta zo ɗaukar ƙwarya. Da ta sunkuya sai abin wuyanta ya yi lilo, ya bugi juna. Ni kunnena ne ya fara gani kafin idona. Wani amo ne siriri mai tsawo, wanda azurfa tsantsa kaɗai ke yi. Na ɗaga kai, sai ga masu maciji guda biyar jere a kan tsarkiya.

Na nemi izinin Ardo, ta ciro ta miƙa masa, ya miƙo mini. Na gaske ne, ba ko shakka. Sun sha hannu har macijin ya soma shafewa, kuma jikinsu duk ƙananan tambura ne. Maigidana ya taɓa gaya mini cewa attajiran Sin in sun gwada kuɗi sun yarda da shi sukan buga masa ɗan hatiminsu, saboda haka yawan tabo a jikinsa shaida ce, ba aibi ba.

Na ce, "Ardo, ina ka samo waɗannan?"

Ya ce, "Wurin Maiturare, ɗan kolin da ke cin kasuwar Doguwa. Goma ne. Biyar na wurin 'yata. Karsana guda na ba shi, shekara shida ke nan."

Sai na ji ƙaras a bayana. Ludayi ne ya faɗi daga hannun Saje. Ya karɓi ɗaya, ya juya gefensa, ya shafa da babban yatsa, ya mayar. Mutumin da ya ratsa daji bai ko waiwaya ba, sai ga shi kuɗi guda ya firgita shi.

Na ce, "Maituraren nan shi ne wanda ya ce na Inna Kande dalma ne?"

Saje ya gyaɗa kai.

Da Ardo ya ji labarin, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi bai taɓa rataya wa iyalinsa kayan zalunci ba. Ya aika aka karɓo biyar ɗin 'yarsa, ya ce da shi za a tafi.

Doguwa gari ne a gindin duwatsu, ruwansu sanyi kamar na randa sabuwa. A nan na fara cin tuwon acca, wanda in ka saba da na dawa sai ka ga kamar ba ka ci komai ba, sai an jima ka ji ka ƙoshi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaisuwa. Mutum zai zo ya ba ni hannu, ya ba Ardo hannu, ya tambaye mu gajiya, ya tsallake Saje kamar kututture. Har yara ba sa rusuna masa. Gidansa yana can ƙarshen gari shi kaɗai. Shekara shida mutum yana cikin wannan!

Da hantsi dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa. Aka kawo Inna Kande, 'yarta tana riƙe da ita. Tsohuwa ce ƙarama, ciwo ya cinye ta, idonta ya dushe. Ta rungume wata jakar soja a ƙirji. Da ta ji muryar Saje yana gaida dagaci sai ta juya fuska ta tofar da yawu.

Aka zazzage jakar a kan tabarma. Masu maciji ashirin, ɗaya a sare, da 'yan tagulla masu huda. Na yi bisimilla. Na ɗora na farko a kan ɗan yatsa na ƙwanƙwasa da liyari. Ɗas. Babu amo. Na biyu, ɗas. Na ɗora a ma'auni, nauyi ya kusa daidai, don dalma tana ruɗin ma'auni. Na taɓa gefe da magagari, ya shige kamar sabulu. Na goga a farin ƙyalle, ya bar baƙin layi. Haka har ashirin. Ina yi ina sane da abin da mutane ke jira.

Dagaci ya ce, "Maƙeri, me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk dalma ce."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce dama an faɗa. Inna Kande ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Audu."

Na ɗaga murya na ce ban gama ba. Na jera su a rana na ce dattawa su matso. Kowane maciji cikin ashirin ɗin nan idonsa na hagu a toshe yake, a wuri ɗaya, iri ɗaya. Na ce, "Wannan zubi ne, daga uwa ɗaya, wato mazubi ɗaya, aka zuba su duka, kuma wanda ya sassaƙa uwar ya iya rubutun Sinawa kamar yadda liman ya iya Larabci. Na zauna da maƙeran Kano shekara goma sha ɗaya, babu mai iya wannan a cikinsu, balle a Doguwa. A can aka yi su, a can aka sayar wa mai su. Ba a hanya aka musanya ba."

Sai Ardo ya matso ya kwance ƙullinsa. Na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa. Amon ya tashi ya daɗe bai sauka ba. Tsohuwar ta ɗago kai.

Ta ce, "A ba ni in taɓa."

Ta shafa shi, ta bi tabon da yatsa. Ta ce, "Waɗannan ne masu ƙurajen. Maiturare ya ce su suka fi lalacewa, ya tsince su goma ya ba ni zane ɗaya da ɗan gishiri, wai don tausayi." Mutane suka shiga salati. Dagaci ya tura a nemo Maiturare, aka ce yana wata kasuwa, ya ce to maganarsa ta alƙali ce.

Da a nan na yi shiru, da an tashi a kan cewa Hamza ya sayi na gaske goma da jabu ashirin. Amma ido ba ya ƙin ganin abin da ya gani. Ina juya na gasken sai na ga kowannensu yana da zane uku a gefe, ƙanana, a jere. Ba hatimin Sinawa ba ne, kaifin wuƙa ne. Na faɗa a fili, don ni a zatona wata alama ce ta can da ban sani ba.

Wani tsoho da ya taɓa yin dako a bariki ya ce, "Zane uku? Ai igiya uku ta saje ce. Hamza ko igiya ɗaya bai samu ba."

Duk aka juya ga Saje. Ya sunkuyar da kai.

Dagaci ya ce, "Audu, na haɗa ka da Allah, na wane ne goman nan?"

Ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Ya ce Hamza ya tara albashinsa kaf ya sayi ashirin ɗin a hannun wani mutum a bakin tashar jirgin ruwa, yana murna. Shi Saje da ya ƙwanƙwasa ya san an cuci Hamza, amma a lokacin zazzaɓi ya riga ya kama shi, sai ya kasa gaya masa. Da ya rasu, sai ya kwance nasa goma da ya tara wa kansa ya zuba a jakar, don in tsohuwa ta tashi sayarwa ta samu abin da za ta ci. Da aka ce duk dalma ce, bai san an tsince goman ba, don ba a ƙara nuna masa jakar ba, sai ya ɗauka shi ma an cuce shi ne tun can.

Na zo neman ko mutum ya ɗebe, ashe ƙarawa ya yi.

Inna Kande ta ce a kai ta wurinsa. Ta lalubi fuskarsa da hannu biyu.

Ta ce, "Audu, shekara shida ina kai ƙararka bayan kowace salla."

Ya ce, "Na sani, Inna. Ina jiyowa ta bayan danga in na zo wucewa."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Maganar Hamza ta ƙarshe ita ce in gaya miki ya yi miki sayayya mai kyau. Ta yaya zan zo in ce miki dalma ya saya?"

Sai tsohuwar nan ta soma durƙusawa a gabansa, a gaban dagaci da duk gari. Ya riƙe ta da sauri yana cewa, "A'a, Inna, a'a, kada ki yi mini haka." Suka rushe da kuka su biyu. Na ga dattawa masu furfura suna rufe fuska da hannun riga. Ardo ya tura goman gabanta ya ce shi ya yafe karsanarsa. Ta ce a'a, ya biya da halalinsa, a bar wa alƙali ya karɓo masa hakkinsa tukuna. Ashirin ɗin dalma kuwa ta sa aka mayar mata a jaka, har da sararren, ta rungume abinta.

Kwana biyu na ƙara a Doguwa saboda ƙafata. Mutane suka yi ta zuwa gidan Saje, wasu da ƙwaryar acca, wasu da kaza, yawancinsu ba su iya cewa komai ba sai "sannu, Saje", su ɗan zauna su tashi. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar da zan taho na biya ta gidan Inna Kande in yi mata sallama. Tun daga nesa na hango mutum a kan ɗakinta yana ɗaura sabuwar ciyawa, don damina ta cinye tsohon jinkan, ba wanda ya gyara mata. Saje ne. Ita kuma an fito da ita tana zaune a rana, jingine da bango, ƙwaryar koko a gabanta an rufe da faifai. Ba ta ji sallamata ba, don faɗa take yi.

Tana cewa, "Audu! Wa ya ce ka hau da yunwa? Sauko ka sha kokon nan tukuna. In ka faɗo, ka bar ni da wa?"

Ya ce, "To, Inna, ga ni nan saukowa."